Facin da Ya Fito a Kwat ɗin Mijin Inna Shizue

Kafin mu 'yan gwanjon unguwar Koenji mu ɗaga ƙofofin shagunanmu, Baba Kuramochi ya riga ya share gaban nasa, ya zauna jikin taga da shayinsa marar sukari. Bai yarda da ƙwan lantarki ba, da hasken safe yake aiki. Sai in leƙa in ce, "Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

Ya ce, "Genta, rigar jikinka za ta riga ni."

Da gaskiyarsa. Rigunana na lokacin, wanki kaɗan ne sai bola.

Sana'arsa ɓatar da rami. A kawo masa kwat ɗin ulu irin na 'yan jami'ar da, mai maɓallan tagulla, asu ya ci ko taba ta ƙona. Ba ya sayo ƙyalle. Kalmasar ciki yake buɗewa, ya yanko ɗan rarar da telan farko ya ɓoye, ya saƙa ta cikin ramin, zare bayan zare. Mai kaya ya yi ta juya kwat yana neman wurin, har ya fara zargin an canza masa. Kwalar riga in ta cinye, ya juya ta, riga ta koma budurwa.

"Kayan da, da maganinsu a ciki ake ɗinka su," in ji shi. "Telan ya san wani zai gada. Naka fa? Gam da leda. Wata yarinya a wata ƙasa ta kashe idonta a kansa, kai kuma ka jefar kafin bazara."

Dariya na yi. Ban san maganar ido za ta dawo gida ba.

Bara likita ya ce tsakiyar idonsa tana mutuwa, kuma wannan ramin ba ya facuwa. Bai gaya wa kowa ba. Mun gane ne da ya fara kallon mutum ta gefe, kamar kaza.

Ana haka Inna Shizue mai tofu, wato awara, ta kawo kwat ɗin marigayi mijinta. Jikanta Itsuki ya samu jami'a, a ciki take so ya je bikin karɓar sababbin ɗalibai. Asu ya huda ƙirjin, daidai saman aljihu.

Baba ya ce, "Shizue, ki kai wa wani."

"Wa? Duk sun mutu ko sun koma sayar da waya. Tun muna amare kake gyara kwat ɗin nan, yau za ka yi mini yanga?"

Ya karɓa. Da ya buɗe kalmasa, rarar da ta saura ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. Sauran duk shi ya cinye ta a tsawon shekaru. In ta lalace, babu wata.

Ya yi makonni a kai, hancinsa na gogar ƙyalle. Ranar da ya gama ya kira ni. "Duba ƙirjin nan. Kar ka yi mini ƙaryar 'yan gwanjo."

A yatsa sumul yake. Amma ya kifa ƙyallen, layin saƙar ya bi hagu maimakon dama, haske na faɗa masa sai ya fito kamar tambari. Na faɗa masa gaskiya.

"Ana gani, Baba."

Ya jera alluransa a akwati ya rufe.

Da Inna Shizue ta zo da yaron, Baba ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. "Na ɓata kayan mamaci. Ki yafe mini."

Itsuki ya zura kwat ɗin, kafaɗa ta zauna cif. Ya ɗora yatsa a kan facin. "Kaka ta ce duk jikin kwat ɗin nan aikinka ne. Na duba, na duba, ban ga ko ɗaya ba. Wannan dai ka bar mini, in samu abin nunawa."

Tsoho ya karkatar da kai gefe don ya gan shi. Ya daɗe a haka.

Baba Kuramochi, kai ne wanda in ya yi aiki da kyau ba a ganinsa, shi ya sa muka manta da yi maka godiya. Kai ka hana bola cin kayan iyayenmu. Mun gode, ko da mun makara.

Ku kuma samari, kafin ku jefar da riga, ku buɗe kalmasa ku duba. In ba rara a ciki, gaba kar ku sayi irinta.

Baba ya rufe shago a ƙarshen watan jiya, ya koma wurin 'yarsa. Yanzu rigar jikina mai kauri ce, shi ya juya mata kwala. Kullum da safe ina leƙa tagar, tambayata a baki, ba mai ba ni amsa.