Layin da Ban Nuna Mata Ba

Ni na koya mata aikin, kuma da gangan na rage abu ɗaya.

Ƙaramin ofishi ne a Zuru. Muna yi wa manoma rajistar taki, mu tura sunayensu hedikwata a fayil irin na XML. Ita matar soja ce daga Rikoto, mijin ya rasu ya bar ta da yara uku. Aka ɗauke ta gwaji na wata guda. Cikin mako biyu hannunta ya fi nawa sauri, shugaban ofis ya fara kiranta kafin ni. Abin ya tsaya mini a rai.

A irin wannan fayil, suna yakan zo da ɗan laƙabi a gabansa, sai a sa layi ɗaya a sama mai bayyana inda laƙabin ya fito. Manhajar da muke tsabtace fayil da ita laƙabin da ke jikin sunaye kaɗai take gani. Wanda ya shiga cikin alamar zance, inda ake faɗin ko manomi ɗaya ne ko ƙungiya, ba ta kula shi. Sai ta ɗauka layin sama ba shi da amfani, ta goge shi. Dole mutum ya mayar da shi da hannunsa. Na san haka. Ban faɗa mata ba.

Fayil ɗin manoman Sakaba da Kanya da ta tura ya dawo daga hedikwata har sau huɗu, an ƙi karɓa.

Ta ce, "Malam, don Allah duba mini, na rasa inda na kuskure."

Na ce, "Haba Madam, ba ke ce mai sauri ba?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Kwana uku tana sake buga sunayen daga farko, ko abincin rana ba ta tashi ta ci. Da shugaba ya tambaye ni ra'ayina, a gabanta na ce, "Yallaɓai, kwamfuta ba tallan gyaɗa ba ce." Aka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara.

Ranar Juma'a aka sallame ta. Ta tsaya a teburina da jakarta a hannu.

"Na gode, Malam. Ka yi ƙoƙari da ni, kaina ne bai ɗauka ba."

Allah ya yafe mini, cewa na yi, "Ba don kowa aka yi aikin ba."

Ranar Litinin na mayar da layin cikin minti biyu, fayil ya wuce. Shugaba ya aika aka sayo mini tuwo da nama, na zauna na cinye tas.