Aikin da Muka Yi da Malamin Hawa na Biyu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a sashen ilimin yara masu buƙata ta musamman, ina zaune a Gwale. A lokacin ne jami'o'in waje suka fara waiwayarmu. Wata daga cikinsu ta aiko tana son a yi bincike kan yaran da likitoci ke cewa suna da otizim. Mu a nan ba mu da suna ɗaya. Wasu su ce galahanga, wasu su ce shafar aljanu, wasu su ce miskilanci ne kawai. Sharaɗin jami'ar shi ne a samu mai lalurar cikin masu binciken.

Na ce wa shugaban sashenmu, "Ranka ya daɗe, ina za mu samo shi?"

Ya ce, "Yana hawa na biyu, sashen nazarin harshe. Shi ya kawo kansa."

Na san malamin. Dogo ne, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu, har ana ce masa mai girman kai. Ashe wani likita ne ya gaya masa sunan abin da yake da shi, sa'ad da yake karatu a Ingila. Na kasa haɗa shi da yaran da nake karantawa a littattafai. Mutumin da ke da mata da 'ya'ya, yake duba jarrabawar ɗalibai?

Ranar zamanmu na farko na kai masa takardar tambayoyin da na fassara. Ya karanta a tsaye, ya tsaya a ta huɗu.

"Malama, kin rubuta, shin yaron yana kallon idon mai yi masa magana? Ke kina kallon idon mahaifinki?"

Na ce, "Haba, Malam."

"To duk yaron da aka yi wa tarbiyya a cikin birni zai faɗi a wannan tambaya. Ni kuma da ba na iya kallon ido, an yi ta yabona da kunya har na girma."

Shekaru nake koyar da alamar nan a aji. Na koma ofis ina tunanin ko dai duk abin da na sani na wata ƙasa ne. Wani abin kuma da ban gaya wa kowa ba: na fara rubuta halayensa a bayan littafina, yadda yake murza maɓallin rigarsa, yadda yake rufe taga in ana hayaniya. Sai na rasa ko abokin aikina ne ko ɗaya daga cikin waɗanda nake nazari.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai yana wani lungu kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Matar gidan mai saƙar hula ce, tana da 'ya mai shekara tara da ba ta taɓa magana ba. Tare da Malam muka je, da yake namiji ba ya shiga, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da aka fito da yarinyar sai ta toshe kunnuwa tana ihu. Ni har na fara rubuta cewa tana tsoron baƙi. Malam ya miƙe ya fita. Na ɗauka tafiya ya yi, kunya ta kama ni. Ashe telan da ke maƙwabtaka ya je ya roƙa ya kashe rediyonsa, wadda ke ta waƙoƙin 'yan siyasa. Ni ko jin ta ban yi ba.

Yarinyar ta yi shiru. Ta jawo kwandon zaren uwarta, ta shiga jera su. Malam ya zauna gefe, bai kalle ta ba, ya tura mata shuɗi. Ta ture. Ya tura wani shuɗin da ya ɗan fi duhu. Ta karɓa.

Uwar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Malam, an ce kai ma haka kake. Za ta yi magana kamar kai?"

Ya ce, "Ban sani ba, Hajiya. Wasu suna yi, wasu ba sa yi."

Raina ya ɓaci. A hanya na ce masa, "Ko in sha Allahu ai ka ce mata." Ya ce tambayarsa ta yi, shi kuma ya faɗi abin da ya sani. Bayan mako guda matar ta aiko, wai malamin nan take son ya dawo, don shi kaɗai ne bai yi mata alkawari ba. Ni da na yi ta lallashinta, ba ta ambace ni ba.

Wajen rubuta rahoto muka sake cijewa. Duk inda na rubuta "su", sai ya soke ya sa "mu". Na ce, "Malam, in an ce mu, ni ina nake?" Ya ce, "In an ce su, ni ina nake?" Na ce yarinyar ba ta magana, shi kuwa lacca yake yi, ta yaya za su zama ɗaya? Ya ce shi ma abin yana damunsa, bai tabbata yana da ikon magana da yawunta ba.

Muka tura wa jami'ar wajen rahoton haka, rabi da "su", rabi da "mu". Suka dawo da shi, suka ce mu zaɓi ɗaya. Muka yi zama uku ba mu zaɓa ba. A ƙarshe shugaban sashe ya karɓa ya mayar da komai "yaran da aka bincika", ya sa hannu. Malam ya karanta, ya ce ba daidai ba ne, amma babu ƙarya a ciki. Washegari ya aiko mini da jerin gidajen da suka rage, muka ci gaba da zuwa.