Tsagar Motar Alhaji Nomau

Cikin shekarun da na yi ina ɗinkin kujerun mota, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata a ƙarshen damina, shekarar da aka samu 'yancin kai. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, bari in fara gaya muku yadda muke aiki a lokacin.

Garejin na wan mijina ne, Yaya Arzika, a Ƙofar Marke. Asalinsa maƙeri ne, ya koyi gyaran jikin mota wurin Turawan ayyuka, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu, sai ya ba ni ɗinkin kujeru da rufin cikin ƙofofi. Ina ɗinkawa a cikin gida, in fito in ɗauki awo in rubuta, don na yi ajin yaƙi da jahilci. Ni ce kuma mai ɗinka jakar fata da ake cika wa yashi, a ɗora ƙarfe a kai a buga har ya koma daidai.

Babban mai kawo mana aiki shi ne Alhaji Nomau na Ƙofar Dundaye, mai fataucin shanu. Manyan motocinsa uku duk mu ke kula da su. Yana kuma da wata tsohuwar baƙar mota ta shiga, ƙirar kafin yaƙin duniya, wadda ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Ranar kasuwa wani bajimi ya tunkuyi madigadinta, wato ƙarfen da ke rufe tayar gaba. Ya lotsa, kuma ya tsage daga baki kamar tsawon ɗan yatsa.

Ƙa'idar Yaya Arzika ita ce: abin da ya lotsa a buga, abin da ya tsage a sake. Ya aika Kano neman sabo. Amsa ta dawo cewa sai an yi oda daga Ingila, jirgin ruwa ya kawo, ƙila bayan kaka. Alhaji kuwa ya riga ya gaya wa duk 'yan kara, abokan cinikinsa na kasuwar shanu, cewa cikin motar nan zai je bikin 'yanci, saura kwana goma sha biyu.

Dole aka koma gyara. Lotsawar ta fita a kan jakar yashi cikin yini ɗaya. Tsagar aka yi mata walda, aka goge, aka hau hanyar Kware don gwaji. Da suka dawo, ta sake buɗewa gaba da waldar. Aka ƙara yi. Ta ƙara tafiya, yanzu ta kusa taƙi guda.

Ranar Talatar Alhaji ya zo, ina tsugune ina awon kujerar baya. Ya daɗe yana kallon tsagar.

"Arzika, wanga abu girma shikai ko idona na?"

"Ƙarhen na da taurin kai, Alhaji."

"To. In ba ta tashi ran Jumma'a ba, in ɗauke ta, da sauran ukun, in kai ma wanda ƙarhe ka jin maganatai."

Bai ɗaga murya ba. Ni dai na san in motocin nan suka tafi, babu kujerar da zan ɗinka, kuma tukunyar 'ya'yana a kansu take.

Bayan ya tafi na ce, "Yaya, in yi magana?"

"Yi, Kulu."

"Babana gyartai na. In anka kawo mai ƙwarya tsagagga, ba ya fara ɗinki sai ya bi tsagar da farce ya gano inda ta ƙare, ya huda nan. Ya ce tsaga in ta iske rami sai ta zamna."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Kulu, wagga mota daga Ingila ta hito. Ba ƙwarya ta ba, balle a ce a kan shigifa ta tsiro."

Na ce haka ne, na ba shi haƙuri, na koma ciki da awona.

Bayan la'asar ina ɗinki sai na ji ƙarar abin huda ƙarfe, irin na murɗawa da hannu. Ban leƙa ba. Washegari da na fito, na ga ɗan rami kamar ƙwayar dawa a can gaban inda ido ke ganin ƙarshen tsagar, daidai inda farce ke daina jin ta. Ya yi waldarsa daga ramin zuwa baki, ya cike ramin daga ƙarshe. Suka je Kware suka dawo, suka sake zuwa. Tsaga ta zauna. Ran Alhamis aka yi fenti.

Ran Jumma'a Alhaji ya zo, ya shafa wurin da tafin hannu, ya tambaya wace dabara ce. Yaya Arzika ya ce, "Tsohuwar dabara ta, Alhaji, ta manyan masu sana'a." Ina tsaye da zare a hannu, na ga babu ƙarya a ciki, na koma ga ɗinkina. Motoci huɗu suka zauna wurinmu, har na aurar da 'yata ta fari da ɗinkin kujerunsu.

Abin da na ɗauka daga nan biyu ne. Kafin ku ce a sake ƙarfe, ku nemi inda ɓarnar ta tsaya, ku nema da hannu, don ido yakan tsaya kafin ita. Na biyu kuma, in kun ba babba shawara ya ƙi, kada ku tsaya a kansa kuna jira. Ku shiga ciki ku ba shi wuri. Akwai mutanen da ba sa iya jin magana sai mai maganar ya bar wajen.