Inda Jijiyar Gwal Ta Goce

Shekara bakwai ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare kusa da Kuyello, kafin 'yan bindiga su sa a rufe ta. Darasin da na fi so shi ne na motsin ƙasa. Nakan gaya wa ɗalibai cewa abin da muke takawa ɓawo ne da ya tsattsage yanki-yanki, kamar yanar kunu a kan zafi, kowane yanki yana tafiya a hankali, bai fi yadda farce ke tsirowa ba. Inda biyu suka yi karo, sai duwatsu su lanƙwashe, su karye, su goce wa juna.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bai taɓa yarda ba. Manomi ne da gona ta gagara shiga, ya koma haƙar gwal.

"Malam," haka yake kirana don tsiya, "in ƙasa tana tafiya, ta kai ni Kaduna mana in huta da hawa mota."

Ni kuwa ga saurin hawa. Sai in yi ta zuba masa bayani har jijiyar wuya ta tashi, shi yana sakace yana dariya. Ko rabi bai taɓa saurara ba.

Da zaman banza ya ishe ni, na bi shi bakin daji. A ramin, farin dutse masu haƙa suke bi, wanda suke kira jijiya, a cikinsa gwal yake. Wata rana jijiyar ta ƙare ƙurmus a jikin wani bango mai santsi. Suka ce aljanu sun ɗauke, za su bar ramin. Na karɓi tocila na sauka. A jikin bangon na ga karce-karce duk sun nufi gefe guda. Tun kafin a yi mutane dutsen ya karye a nan, ɓangare ɗaya ya zame ya tafi da sauran jijiyar. Na daɗe ina shafa karcen, sannan na ce su haƙa hagu, kamar kamu shida. Kwana uku suka cim mata.

Daga nan bakina ya jawo mana. Na ba da labarin a teburin mai shayi, na ba da shi a kasuwar Birnin Gwari. Kafin mako ya zagayo ya zama wai akwai wani malami mai ganin cikin ƙasa. Ban gyara musu ba. Daɗi nake ji, Allah ya sani.

Wata rana bayan azahar 'yan bindiga suka zo mana ramin, uku-uku a kan babura. Wanda suka fara tararwa ɗauke da buhun dutse, ko tambaya ba su yi masa ba, suka harbe shi a ƙirji. Suka kwantar da mu rub da ciki, suna bi da gindin bindiga. Jinin na kusa da ni ya gangaro har bakina.

"Ina malamin da ke ganin cikin ƙasa?" in ji babbansu.

Muka ƙara cusa fuska a ƙasa. Ya ɗora wa wani dattijo bindiga a gwiwa ya saki. Har yau ina jin ihun nan.

"Haka zan bi ku ɗaya bayan ɗaya."

Bakin nan nawa da ba ya hutawa ya mutu murus. Fitsari ya zubo mini. Ina cikin lallashin ƙafafuna su tashi, na ji muryar Yaya a samana.

"Ni ne."

Babban ya kai masa gindin bindiga a baki, wai don ya sa shi jira. Haƙora biyu suka faɗo gabana. Duk wanda ke kwance a wurin ya san ba shi ba ne, ba kuwa wanda ya yi tari.

Ni ne kusa, sai aka shure ni aka ce in ɗaure masa hannu da igiyar ramin. Ina ɗauri, Yaya ya sunkuyo, jini na bin gemunsa.

"Malam," ya ce a hankali, "in jijiya ta ɓace, ina ake bi?"

Karon farko ke nan da ya tambaye ni da gaske. Amsar kuwa doguwa ce, sai an ga dutsen, an shafa karcen, an auna. Ga mai bindiga taku biyu daga inda muke.

Na ce, "Hagu."

Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi. Suka sa shi a tsakiyar babur suka nausa daji.

Ba su taɓa kiran waya ba, don ba fansa suke nema ba. Damina biyu ke nan. Wani da ya kuɓuto ya ce ya ga mutum mai karyayyun haƙora ana zura shi a ramuka can cikin daji, amma bai san ƙarshensa ba. Inna ta daina tambayata, abin da ya fi tambayar ciwo.

Yanzu a cikin gari nake koyarwa. Duk lokacin da na zana karyayyen dutse a allo, sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane gefe yake gocewa?" Nakan ce wani lokaci hagu, wani lokaci dama, sai an duba. Sai in juya musu baya in yi ta goge allon. Yaya hagu kaɗai na ba shi.