Ranar da Aka Kai Ni Yawo

Wata Asabar 'yar ƙanwata ta zo Sabon Tasha, inda nake gasa masara a bakin titi. Ma'aikaciyar gwamnati ce. Ba ta saba zuwa da safe ba.

"Mama, kashe wutar nan. Yau yawo za mu."

"Yawon me?"

"Ki ga gari. Da yamma mu kalli wasan kwaikwayo."

Na dube ta. Ba a taɓa kai ni yawo ba. A wurinmu, idan mutum ya mutu, ba a faɗa wa uwarsa kai tsaye. Sai a raba ta da wuta da wuƙa, a ba ta abinci ta ƙoshi, a zaunar da ita cikin mutane, sannan a faɗa. Haka aka yi mini da mutuwar mijina lokacin rikici. Ɗa guda ya rage mini, direban tirela ne a hanyar Legas, kuma kwana biyu wayarsa ba ta shiga.

Na sake zani na bi ta. Ban tambaya ba.

Muka hau keke napep zuwa Kakuri. Ta nuna mini tsohuwar masaƙa, ciyawa ta cinye ƙofar. Daga nan sai gada. Kogi ya cika.

"Mama, dubi ruwa!"

Fuskarta nake kallo. Wayarta ta yi ƙara, ta juya mini baya tana magana ƙasa-ƙasa.

A Barnawa ta saya mini shinkafa da kaza. Na ture farantin.

"Azumi nake."

"Haba Mama, azumi ranar Asabar?"

"Azumina ne."

Na san muddin ban ci ba, ba za ta faɗa ba. Yunwa ta fi mini sauƙi.

A wani zauren coci aka yi wasan. Na zauna kusa da ƙofa. Can na hango mata biyu 'yan zumuntar cocinmu, suka ɗaga mini hannu. Na ce a raina, to, har masu riƙe ni an kawo.

Wasan na maigida ne da 'yan haya. Mutane suna ta dariya, ni ban ji komai ba. Sai wani ya shigo dandalin, ya cire hula, ya durƙusa gaban wata tsohuwa. Na miƙe.

"Ke, ya isa. Ina gawarsa?"

Duk layinmu suka waiwayo. Ta ja ni waje.

"Gawar wa?"

"Ɗana."

Ta buɗe jakarta da sauri. Ta danna waya ta manna mini a kunne.

"Mama? Yaya wasan?"

Muryarsa ce. Na zauna a kan dakali. Ya ce an sace masa waya a gareji, sabon layi ne wannan. Shi ya turo ta, don tun yana yaro bai taɓa ganin na huta ba. Ya so ya ba ni mamaki.

"Mamaki? Ka rasa hanyar kashe ni ne?"

"Yi haƙuri, Mama."

"Gobe in kana so ka yi mini alheri, ka fara cewa kana da rai."

Yana dariya. Ban ba ta wayar ba. Na ce ya ci gaba da magana, ko mene ne. Ya shiga ba ni labarin tayar da ta fashe masa bayan Lokoja, na saurara har ƙarshe.