Ranar da Ɗan Tsegumi Ya Yi Shiru

A wurin aiki Mai Sakata ake ce masa. A gida matarsa Abban yara take kiransa, 'ya'yan ƙannensa kuma su ce Baffa. Gajere ne, ba shi da yawan magana, kuma duk rigar da ya sa za ka ga aljihun gaba ya ɗan kumbura da kwalbar maganin ɗigawa a ido.

Da gyaran firinta ya fara, a wani shago da ke ƙarƙashin bene. Yana gyara yana karatun yamma, har ya samu shiga wani kamfani mai rubuta manhajar da ke tafiyar da injinan tura ruwa da na masana'antu. Can ciki aka ajiye shi, a ɓangaren da suke kira kanel, wato zuciyar manhajar, wadda ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurin ajiyarsa. Ya fi shekara ashirin a nan, tebur ɗaya, kusa da taga da ba ta buɗuwa.

Matarsa ta taɓa tsare shi tana yanka albasa.

"Wai don Allah, Abban yara, me kake yi a wurin nan? In an tambaye ni sai in ce kwamfuta, in yi shiru."

"Kin ga banɗakin gidan nan?" in ji shi. "Mu nawa ne, shi kuma guda ɗaya. Me ke hana mutum biyu su afka tare?"

"Sakata mana."

"To a cikin inji ma haka ne. Ayyuka da yawa ke gudu lokaci guda, kuma akwai wurin ajiyar da kowa ke so ya taɓa. Wanda zai shiga ya ja sakata, in ya gama ya zare. In wani ya shiga bai ja ba, sai biyu su haɗu a ciki, wannan na rubutu wancan na gogewa. Shi muke ce wa rige-rige."

Ta ajiye wuƙa ta dube shi. "Ashe duk karatun nan gadin banɗaki ka ƙare."

"Da albashi dai," ya ce.

Mugun halin rige-rige shi ne ba ya zuwa in ana kallonsa. Inji zai yi wata da watanni lafiya lau, rana ɗaya ya ƙame, unguwa ta kwana ba ruwa. A kashe a kunna, ya ci gaba kamar ba shi ba. Shi ya sa kamfanin ya kawo wata manhaja da ke zama a gefe tana lura da wa ya taɓa me, da sakata ko babu. 'Yan ofis suka sa mata suna Ɗan Tsegumi.

Ranar da aka fara kunna shi, ƙorafi ya cika allo har ba a ganin ƙarshensa. Ba laifinsa ba ne. Sakatun kanel ɗin ƙirar gida ne, mutane daban-daban suka ƙera su tsawon shekaru, wasu sun bar aiki, wasu sun rasu. Ɗan Tsegumi bai san su ba, sai ya ɗauka kowa shiga yake kai tsaye. Dole wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa masa alama: nan aka ja, nan aka zare. Kuma ba wanda ya san inda kowace take sai mutum ɗaya.

A wannan shekarar ce likita ya gaya masa jijiyar idonsa tana mutuwa daga gefe. Tsakiya yana gani sarai, amma gefuna suna ta matsowa kamar ana rufe labule a hankali. Ya ce ya rage kallon allo, in so samu ne ya bari.

Ya je ya samu Oga, shugaban sashensu, ya tsaya bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, zan ajiye aiki. Amma ka bar ni in gama sa alamun nan da hannuna. Abin da ke kaina ne, ba na so in tafi da shi gida."

"Zuwa yaushe?"

"Kafin shekara ta fita."

Oga ya ce ya ji. Mai Sakata ya ƙara girman rubutun allonsa har na teburin baya ma yana iya karantawa, ya duƙufa.

Duk abin da ya rubuta sai ya bi ta hannun Gardama kafin ya shiga. Tare suka tsufa a ofishin, ita ce mai duba aikin kowa, kuma ba a banza ta samu sunan ba.

"Dattijo, wannan alamar ka sa ta bayan an riga an zare sakata. So kake Ɗan Tsegumi ya yi wa bayin Allah ƙazafi?"

"Malama, ke ko gaisuwa aka yi miki sai kin nemi hujja."

"In gaisuwar ta zo a layin da ba nata ba, ƙwarai kuwa."

Ƙorafi ya yi ta raguwa. Na ƙarya suna zubewa, na gaske suna fitowa fili ana gyara su. Saura kaɗan wa'adinsa ya cika ya kai ga ta ƙarshe, wata tsohuwar sakata da kusan rabin kanel ke bi ta kanta. Ita ba a tsayawa jiranta. Aiki zai zo ya taɓa ƙofa, in a buɗe take ya ja ya shiga, in da mutum a ciki ya juya ya kama wani abin. Ya sa alamarsa, Gardama ta duba cikin tarin wasu, ta wuce da ita.

Da hantsi aka kunna gwaji. Allo ya fito fari fat, ko ƙorafi ɗaya babu.

Ofis ya kaure. Wani ya buga tebur, wani ya fita ya dawo da lemo. Oga ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ka cika alkawari, Mai Sakata. Ka tafi da farin jini."

Ya yi murmushi, ya karɓi lemon, amma bai sha ba. Akwai wata ɗabi'a tasa da ba kowa ya sani ba: duk sanda mai gadi ya ce lafiya, sai ya aika masa ɓarawo ya gani. Da kowa ya fita cin abincin rana, ya rubuta ɗan ƙaramin aiki a injin gwajinsa, ya sa shi ya taɓa waccan ƙofar, ya same ta a rufe, ya kutsa duk da haka. Rige-rige ƙiri-ƙiri. Ya kunna, ya jira ihu.

Ɗan Tsegumi bai ce uffan ba.

Ya buɗe wurin, ya kai fuskarsa dab da allo, yana juya kai a hankali don gefen hagu ya shigo inda yake gani. A nan ne ake gane ko layi yana cikin sharaɗi ko yana waje, da 'yar tazarar da aka bari a farkonsa. Alamarsa tana waje. Maimakon ta ce an ja sakata idan an samu ƙofa a buɗe, cewa take an ja ko an samu ko ba a samu ba. Ya shaida wa Ɗan Tsegumi cewa duk wanda ya taɓa ƙofa mai ɗaki ne, shi kuma ya gaskata shi. Tun da daɗewa ya san alama shaida ce, manhajar ba ta bincikar mai sa ta. Yau ya ga yadda abin yake in mai shaidar ne bai gani da kyau ba.

Gyaran bai fi matsar da layi ɗaya ba. Abin da zai biyo baya ne ya tsaya masa a rai. Duk abin da wannan alamar ta rufe zai dawo, kuma bin su aikin watanni ne, watannin da idonsa ba shi da su. Ya rufe allon ya tafi gida da wuri.

Matarsa ta same shi zaune a falo da takalmi a ƙafa.

"An ce ka gama. Gardama ta kira ni tana ta murna. Wannan fuskar fa?"

"Ban gama ba. Ni kaɗai na sani."

Ta zauna a hannun kujera. "In ka yi shiru me zai faru?"

"Wataƙila ba komai. Wataƙila wani inji ya ƙame baɗi, a wani wuri da ban sani ba, a duba a ce ai Ɗan Tsegumi ya ce lafiya, a koma neman laifi a inda babu."

"To ai ka riga ka san abin da za ka yi. Ciwon dai kake ji." Ta miƙo hannu ta zaro kwalbar daga aljihunsa. "Ɗaga kai."

Washegari ya riga kowa zuwa. Da Gardama ta shigo ya juya mata allon. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire gilashinta.

"Kai kana da uzuri," ta ce. "Ni da idona biyu garau na sa hannu a kan wannan?"

"Ashe ke ma kina kuskure. Da na sani da na gayyato mutane."

"Rufa min baki, Dattijo. Matsar da shi."

Ya matsar. Suka kunna. Ƙorafi ya dawo, ba kamar na farko ba, amma ya isa ya cika allo ya gangara. Oga ya zo ya tsaya a bayansu, ya daɗe yana kallo, ya sauke numfashi.

"Jiya na gaya wa na sama an gama."

"Ka gaya musu ni na ce, kuma ni na janye," in ji Mai Sakata. "Ragowar ba ni zan ƙarasa ba. Malama ce."

Wannan maganar ta fi komai yi masa nauyi. Gardama ta miƙe. Ta jawo kujerarta zuwa teburinsa, ta rage girman rubutun ya koma daidai idonta, sannan ta tura tasa kujerar baya da ƙafa har ta juya wa allon baya.

"Ban san sakatun nan ba, kai ka san su. Rufe idon ka huta. Ni zan karanta, kai ka gaya min wa ya ƙera ta, da abin da yake tsoro da ya ƙera ta haka."

"Haka za mu yi ta yi?"

"Har ranar da za ka tafi. Bayan nan kuma ina da lambar matarka."

Ya jingina, ya rufe ido. Ta fara karanta ƙorafi na farko, da sunan wurin da sunan sakatar. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Wannan na gaske ne," ya ce. "Kar ki sa masa alama, gyara shi za a yi. Na gaba."