Ciyawar da Ba Mu Yanka Ba a Gindin Airu

Har yau in na ga almakashi a hannun ɗayanku, ku matasan da ke koyon aikin farfaɗo da ƙasa, sai na tuna safiyar da ma'aikatana suka ƙi karɓarsa daga hannuna.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina jami'in farfaɗo da ƙasa a wani kamfani a Madina. A tsofaffin ramukan kwal na koyi aikin: na fara a Inugu, na yi kwas a Jamus, na zauna arewa da Agadas. Madina ba ta da kwal, amma tana da wuraren fasa dutse da aka yi watsi da su, kuma raunin da suke bar wa ƙasa iri ɗaya ne. Namu yana gindin Dutsen Airu, inda kake hango motocin mahajjata a Bi'ir Ali. Mun cike ramin, mun shimfiɗa ƙasa, mun shuka ciyawa da samur, ɗan'uwan farar ƙayarmu, a jere a jere, muka zagaye da waya.

Bayan ruwan hunturu aka ce kwamitin hukuma na tafe. In mun nuna wurin ya rayu, za a bar shi a killace. In mun kasa, za a buɗe wa tifofi su riƙa juye ɓaraguzan gini a kai.

Ga yadda ake awon. Akwai firam na ƙarfe, mita ɗaya kowane gefe. Kana juya baya ka wurga shi, don kada idonka ya zaɓi inda ya fi kore. Duk abin da ke cikinsa sai ka yanke, ka busar, ka ɗora a sikeli. Daga Inugu har Jamus haka na ga ana yi.

Shugaban leburorina Ammu Haruna ne, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taho aikin hajji da ƙafa. Na miƙa masa almakashi, sai ya maida hannuwansa baya.

"Muhandis," in ji shi, haka suke kiran injiniya, "ka duba inda iyakar take? Filin nan a cikin Haramin Manzo yake. Ba a yankar tsironsa."

"Haba Ammu, ai mu muka shuka. Malamai sun halatta abin da mutum ya shuka."

"Sahi, gaskiya ne," in ji shi. "Amma wadda muka shuka da wadda ruwa ya kawo sun cakuɗe. Almakashinka ya san bambanci?"

Na tafi ofis na gaya wa mudir, wato manajanmu Abu Fahad, mutumin kirki mai gaggawa. Ya taho filin da kansa. Ya ce ai an yarda a yanka don ciyar da dabba, saboda haka mu yanka, mu auna, mu ba awaki, halas.

Ammu Haruna ya dube shi ya ce da Larabci, "Allah ya ja zamaninka, awakin ne suka nemi rahoto?"

Mudir ya yi dariya, amma da muka keɓe ya ce mini sharaɗin aiki nauyi ya ambata, kuma ba nauyi, ba fili.

Sai na tuna wani tsibin ƙasar kwal a Jamus da aka hana mu taɓawa don kada ya zaftare. Dabarar da muka yi a can ita na ɗauko. Muka fita wajen Harami, kan hanyar Badar, muka sami kwari mai irin ciyawarmu. A can muke auna tsayinta da yadda ta rufe ƙasa, sannan mu yanke mu ɗora a sikeli, har muka san cewa tsayi kaza da rufi kaza nauyi kaza suke bayarwa. Muka dawo filinmu da rula kawai.

Awo da rula dole ka durƙusa ka buɗa ciyawa da yatsa. A nan ne na ga abin da almakashi zai tafi da shi ban sani ba: 'ya'yan samur, ba su wuce ɗan yatsa ba, sun fito a tsakanin layukanmu, inda ba wanda ya sa iri. Na ƙara su a rahoto.

Ranar da kwamiti ya zo, shugabansu ya karanta ya yamutsa fuska, ya ce wannan nauyin ƙiyasi ne. Na ce haka ne, na bayyana dalili, sannan na roƙe shi ya biyo ni. Ya tattare farar rigarsa ya tsuguna a gaban firam ɗin.

"Wa ya shuka wannan?"

"Ba kowa," na ce.

Ya jima yana kallo. Da ya miƙe ya ce wa Abu Fahad a bar wayar inda take.

Yanzu kuna da na'urorin da ba mu da su, kuma ban ce ku yar da sikeli ba. Amma sikeli abin da ka zuba yake faɗa maka. Ƙasa kuwa ta warke ne ranar da ka kasa bambance naka da nata. Kuma in ma'aikaci ya ƙi karɓar kayan aiki, ku tambaye shi dalili kafin ku ɗaga murya. Bara na bi ta wajen, na tarar da direbobin motocin mahajjata suna shan shayi a inuwar samur ɗin nan.